Waya ta Biyu

Ni ɗan Jiratawa ne, a bakin rariya na girma,
ban san komi ba sai ban-ruwa da albasa.
Ranar da kawu ya kai ni rumfar Barmo
a Mokoyo, bayan masu walda,
na tarar da rediyo sun fi arba'in, ciki a buɗe,
kamar ragunan Layya kafin a raba.

Barmo bai ba ni littafi ba.
Ya ce, "Kai mai ban-ruwa, ai ka riga ka sani.
Tsawon tudun da ruwa ke gangarowa, shi ne bolt.
Yawan da ke wucewa ta gabanka, amfer.
In rariya ta ƙuntata, ciyawa ta tare,
ruwa na ratsawa da ƙyar yana gunaguni,
wannan ita ce rezistans,
kuma a nan ake haifar zafi."

Ya miƙo pil guda, da ɗan ampul,
da waya biyu da ya fere da haƙori.
Na haɗa ɗaya. Shiru.
Na danna, na goge, na yi bismilla. Shiru.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"To, nan ne ruwanka ya yashe ka.
Ruwa in ya shiga fangali, ya tafi ke nan.
Wuta ba ta barin gida
sai ta tabbata akwai hanyar dawowa."
Na taɓa ta biyun.
Haske ya tashi, bai fi ƙwayar gero ba,
amma daren nan ban yi barci ba.

Wata Laraba na zare tele daga bango,
na cusa hannu ciki da gadara.
Wani abu ya sare ni har gwiwar hannu.
Barmo ko ɗagowa bai yi ba.
"Kondansatar ne. An raba shi da wuta,
amma yana riƙe da ita a ciki,
kamar mutumin da ya ce maka ya yafe."

Fizibil ya fi so a duk kayan rumfar,
zare ɗaya siriri a cikin 'yar kwalba.
"Aikinsa ya mutu kafin ɗaki ya kama.
Duk wanda ya ɗaure shi da takardar sigari
ya kori maigadi don yana yawan tari."

Shekara sha ɗaya ke nan.
Hannun Barmo na rawa, dalma ba ta zama masa,
yana kan benci yana gane cutar rediyo da kunne.
Ran Juma'a na je gida da panno biyu a bayan moto,
na ɗaura wa famfon baba.
Ya tsaya yana kallon rana na jan ruwa,
bai ce komi ba, sai ya cika mini buhu da albasa.

Jiya aka kawo mini Tsahara, 'yar mai waina,
wai ta kwance tocilan uku a gida.
Na ba ta pil, na ba ta ampul, na ba ta waya ɗaya.
Ta biyun tana aljihuna.
Barmo ya gyara zama, ya ciro goro.