Bitar Jarrabawa a Mainamaji

Na dawo hutu da littafi a hammata,
saura kwana tara jarrabawa.
Baffa Gidado na ɗinkin takalmin daji a gindin ƙirya,
ya ce, karanto mu ji abin da muke biya wa kuɗi.

Na ce, babi na ɗaya, yawon buɗe ido:
mutum ya bar inda ya saba kwana da tashi,
ya je wani gari ba don a ɗauke shi aiki ba,
kuma kada ya zarce shekara.
Ya ce, ɗan cirani fa?
Na ce, malam ya cire shi, lada ya je nema.
Ya ce, Inna Dudu da ke zuwa suna daga Kashere
ta share mako tana cin tuwonmu?
Na ce, tana ciki, ziyarar dangi ce.
Ya yi dariya har basilla ta faɗi:
ashe da baƙuwar gwamnati muke kwana
ba mu taɓa yanka mata tikiti ba.

Na ce, wanda ya kwana shi ne cikakke,
wanda ya juya kafin dare, ɗan wuni.
Ya ce, waɗannan tun daga ƙofar Yankari nake raba su.
Ɗan wuni idonsa na kan agogo,
ya faɗa Wikki, ya fito, ya hau mota da jiƙaƙƙen wando.
Mai kwana shi ke sanin biri na buɗe taga,
shi ke jin gadu na huci a bayan ɗaki.

Na karanto abin jan hankali, kashi biyu:
wanda Allah ya yi, da wanda hannu ya gina.
Ya ce, ruwan ɗumin na farko ne,
matakalar da ke kai ka gare shi na biyu,
to rubuta ka ƙara,
giwa ba ta san tana babi na biyu ba,
ranar da ta ga dama take fitowa.

Sufuri, masauki, abinci, na wuce su da gudu.
Na gida, mai shigowa, mai fita waje.
Lokacin cika: rani, ciyawa ta kwanta,
gwanki da ɓauna sun gangaro Gaji.
Lokacin ja baya: ya ce, kada ka karanta mini damina,
a aljihuna na san ta.

Sai na zo kan kalmar da malam ya ja wa layi, yoyo:
kuɗin da baƙo ya kawo, bai zauna a garin ba.
Baffa bai ce komai ba.
Wata doguwar mota ta tsaya a shinge,
ruwansu daga Bauchi, shinkafarsu a kula,
Asabe ta ɗaga farantin gyaɗa saitin gilashi,
gilashin bai sauka ba.
Ya nuna da haɓa.

Na ce, mu kuma sunanmu masu masauki.
Ya ce, har da bara, da giwaye suka kwana a dawata?
Waɗannan sun kwana, cikakku ne ke nan.

Na tambaye shi ja-gora, don shekara ashirin da shida ya yi.
Littafi ya ce, mai nuna hanya da bayani.
Ya ce, ka taɓa kashin giwa da bayan hannu,
ka san ko da asuba ta wuce ko jiya.
In kun yi awa uku ba ku ga ko zomo ba,
ka san abin da za ka faɗa wa mutumin da ya taso daga Fatakwal.

Na ce, me kake faɗa masa?
Ya ja zare da haƙori, ya tsinke shi.
Ya ce, wannan ba ya fitowa a jarrabawa,
miƙo mini ɗaya takalmin.