Takardar Koke daga Maiwurno

Ni ake kawo wa kuka a unguwarmu,
don ina da biro, ina da Larabcin ofis.
Ran Talata suka zo, bayan la'asar,
suka zazzauna a gindin dalbejiyar ƙofata.

Tasalla mai shayi ce ta fara:
"Rubuta kofi goma sha ɗaya.
Na jera su a faranti, na jefa na'ana'a,
sai ga abin ya biyo Nilu, ƙasa-ƙasa,
kamar mai neman allurar da ta faɗi.
Kafin in ce innalillahi
faranti ya tashi rawa shi kaɗai."

Na rubuta: kofi goma sha ɗaya.

Isiyaku masunci bai yarda ya zauna ba.
Ya ce tun da aka soma wannan shawagi
ƙarfasa ta nutse can ƙasan ruwa,
ya jefa birgi, ya jawo ciyawa.
"Har fuskar matuƙin na gani," in ji shi,
"yaro ne, ko gemu bai tsiro ba.
Na ɗaga masa hannu. Ban san dalili ba."
Na ce wannan ba ya shiga takarda.
Ya ce, "Sa shi."

Goggo Delu, shekara tara rabonta da jin kiran salla,
amma wannan tana jin sa a haƙori,
a ƙashin gwiwa, a ruwan randa.
Kajinta sun yi yajin ƙwai.
Bangon ɗakinta ya tsage daga tushe,
har ƙadangare ya samu gidan haya.
Jikanta Mudassir, mai shekara shida,
ko babur ya ji sai ƙarƙashin gado,
da safe a shanya tabarma, ba a cewa komai.

Dare guda na yi ina tauna biro,
ina neman kalmar da ba za ta ja mana tsiya ba.
Mai kwana ƙarƙashin giwa
ba ya ce mata ta cika nauyi.
Sai na rubuta:
Ba mu ce ku daina ba, ranku ya daɗe,
ba mu san abin da kuka sani ba.
Sama dai tana da faɗi, tana da zurfi.
Ku ɗan ɗaga,
ko da tsawon dabino goma ne.

Yatsu arba'in da uku aka dangwala.
Tawada ta ƙare, muka jiƙa shuni.

Muka hau bas zuwa Sinnar, mu uku,
takarda cikin leda, leda cikin hula.
Hafsan ya ba mu kujera, ya ba mu ruwa,
idonsa ja, irin na wanda bai runtsa ba.
Ya karanta har ƙasa, har maganar gemu,
ya ɗan tsaya a nan.
Ya buɗe baki ke nan
sai abin ya zo.
Taga ta kaɗa, silin ya zubo da ƙura,
kofinsa ya yi tattaki zuwa bakin tebur,
ya tare shi da hannu, bai ko duba ba.
Leɓe kawai nake gani yana motsi,
yana motsi, yana motsi.
Da ƙara ta wuce ya ce, "To, kun dai ji."
Muka ce mun ji. Muka yi godiya.

Da magariba muka sauka a tasha.
Goggo Delu na zaune a dakali, tana jira,
ta kama bakin rigata: "Me ya ce?"
Na duƙa, na motsa mata leɓe,
yadda na gani, ban ƙara ba, ban rage ba.
Ta daɗe tana kallon bakina,
sannan ta saki rigar.
"Ai ni haka kowa ke mini magana," ta ce.
"Je ka ci tuwo."