Allura Mai Kara

A bayan Kilo Takwas, inda iskar tekun Jidda
take cin ƙarfe kamar gara,
Mishal ya kawo min agogo biyu cikin tawul,
na gudu da na zagayen inji,
daga jar motar babansa mai kujera biyu.

Ya ce, "Usta Tanimu, da ita tsoho ya taka ɗari biyu
a hanyar Yanbu.
Har ya rasu bai gaji da labarin ba."

Na ɓalle zobe, na ɗaga gilashi.
Giris ya daskare kamar ƙaro,
sai da kebur ya kwana cikin kananzir.
Sifirin, siriri kamar gashin jariri,
na taɓa shi da hantsaki ina riƙe numfashi.
Ya saki. Ya daɗe da saki.

Na ɗaura a injin gwaji.
Inda gaskiya ta ce tamanin
allura ta ce casa'in da biyar,
ko kunya babu.
Na zagayen inji bai taɓa ƙari ba,
shi ya sa ba mai kallonsa.

Na yi lissafi a bayan rasit:
tsoho bai kai ɗari da saba'in ba.

Bayan asuba muka hau hanyar Usfan,
yana tuƙi, ina ƙirga allunan kilomita
da agogon hannu.
Daidai wa daida.

Ya ce, "Me ka tarar a ciki?"
Na ce, "Tsatsa da gishiri."

Tsohon sifirin yana aljihuna, cikin kwalin ashana.
Rasit kuwa, na sake rubuta masa wani.