Shagon da Ba Shi da Ƙofa

Shekara talatin ina Panteka
ina dukan ƙarfe har ya yarda ya zama murhu.
Mai saye da ƙafarsa yake zuwa,
ya ɗaga, ya juya, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa,
ya ce, Malam Tanimu, rage mini.
In ce albarka. Ya yi kamar zai tafi,
in kira shi.
Haka na san ciniki:
ido cikin ido, gumi na kallon gumi.

Sai Rumasa'u, autata, ta zo wata Asabar
da waya mai tsagaggen gilashi.
Ta goge toka, ta shimfiɗa farin buhu,
ta ce, Baba, matsa, inuwarka ta shiga hoto.
Na matsa.
Ni da na ƙera abin,
yau ni ne nake ɓata shi.

Daren nan wayar ba ta runtsa ba.
Nawa ne? Nawa ne? Nawa ne gaskiya?
Mutum arba'in suka taya,
talatin da tara suka narke
kamar gishirin da ya faɗa kogin Kaduna.
Saura ɗaya, wata mata a Barnawa.
Ba ta taɓa jin amon gudumata ba,
ta turo kuɗi tun ba ta taɓa ƙarfen ba.
Na kwana ina juyi.
Yardar wanda bai san ka ba ta fi maƙera nauyi.

Daga baya na gane allo ma yana ƙarya.
Wani ya turo shaidar biya,
murhu uku, a sa a mota a tashar Kawo.
Yohanna mai keke ya kai, direba ya ɗaga,
har yau kuɗin suna hanya.
Ɓarawon da ya haura katanga yakan bar sawu.
Wannan ko tari bai yi ba.

Rumasa'u ta kifa kai tana kuka.
Na ce, share hawayenki,
wuta ta sha cin yatsuna kafin in iya zuga.
Daga yau sai kuɗi sun zauna
kaya za su tashi.

Yanzu ga shi ana kira daga Kafanchan,
daga Saminaka, daga Birnin Gwari.
Wata tsohuwa ta aiko hoton tukunyar tuwo
zaune daram a kan aikin hannuna,
ta ce gawayi kaɗan yake ci.
Na sa an nuna mini sau uku.
Maƙwabcina Ɗanlami, mai ƙera bokiti,
da ya ce na zama ɗan wasan yara,
jiya ya leƙo yana sosa ƙeya:
ko yarinyar nan za ta ɗauki nawa?

Amma akwai abin da nake kewa.
Ba mai zama a bencina ya sha ruwa,
ba mai tambayar ya jikin uwargida.
Ciniki ya yi sauri, ya bar gaisuwa a baya.

Shi ya sa kafin in naɗe kowane murhu a kwali
nakan ɗaga shi, in juya,
in ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, in kasa kunne,
a madadin wanda bai zo ba.
In ya yi amo mai kyau,
sai in ce, Yohanna, ɗauka.