Mahauci a Gaban Majigi

Fuseini ne ya ja ni, ɗan ƙanwata mai karatun Faransanci.
Ya ce, "Kawu, yau za ka ga sana'arka a majigi."
Na wanke wuƙaƙe tun kafin magariba,
na bar rabin cinya a firjin Maame Serwaa.

An ɗaura farin zane a bayan wata makaranta a Asawase,
tsakanin mangwaro da tankin ruwa.

A cikin zanen duniya ta riga ta tashi,
sai dai ba wanda ya sanar da Faransawa.
Ba saniya, ba kaza, ɓera ma ya yi ƙaura.
Ga su a tashar jirgin da jirgi ya daina zuwa,
kowa da kwat, kowa da laima,
suna jefa maɓallan riga cikin hula.
Wanda nasa ya fito, sai a tafa masa,
a yi masa aski,
a tambaye shi cikin ladabi ko yana son tafarnuwa.

Mutane na dariya. Ni wuƙar nake kallo.
Dakusasshiya ce, wallahi,
kuma mai riƙe da ita bai san gaɓa ba,
yana sara inda ake bi da lallashi.
Shekara talatin da ɗaya ina fiɗa a mayankar Kumasi,
ban taɓa ganin an wulaƙanta haƙarƙari haka ba.
Na faɗa da ƙarfi. Fuseini ya rufe fuska da littafi.

Daidai lokacin da wata tsohuwa ke goge cokali
tana yi wa mijinta kallon ƙauna,
wuta ta ɗauke.

Duhu. Kuka ɗaya na sauro.
Sai cikin wani ya yi ƙugi a layi na uku.
Muka yi dariya, gajeriya,
sannan na ji ƙarar kujeru
kowa yana ɗan matsawa daga maƙwabcinsa.

A tasha yaron mota na ƙirga mu da leɓe:
"Saura mutum biyu ta cika!"
Haka nake cewa in ina haɗa tukunya.
Ya tura wata mata mai jiki ciki da kafaɗa,
ya ja ƙofa kamar murfi.

A ƙofar gida, Aboabo, na tarar da Alhaji Mumuni.
Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba,
yana latsa tsokar kamar mai taya rago.
"Gariba, ka yi ƙiba.
Kuɗin haya na shekara biyu, kafin salla."

Na kwanta ina lissafi a rufin kwano.
Faransawa sai da duniya ta ƙare suka fara,
mu kuwa tana nan da ranta:
a ci amana da safe, a ci zarafi da rana,
wanda ya ci bashi, bashi ya cinye shi,
da dare a zauna a benci a ci naman wanda bai zo ba,
ba gishiri, ba bismilla,
a tashi ana sakace.

Ba ma yi wa mutum aski tukuna.

Da asuba na buɗe teburi.
Zuwera mai waakye ta zo da roba, kilo uku take so.
Na ɗora nama a sikeli,
hannuna ya tafi inda ya saba,
babban yatsa ya sauka a gefen faranti, a hankali,
allura ta matsa.

Sai na tsaya ina kallonsa.

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da wannan yatsa.
An kai shi Bantama, an kai shi Suame,
an dafa shi a suna, an dafa shi a sadakar bakwai,
rabin Kumasi sun biya kuɗinsa
kuma ga shi nan, da farcensa.

Zuwera ta ce, "Lafiya, Malam?"
Na ce, "Lafiya. Kina son tafarnuwa?"