Masuncin da Aka Hana Shiga Ruwa

Shekara arba'in ina jefa koma a tafkin Chapala.
Na san ruwa kamar yadda na san takun Eustolia:
in ya yi kore, kifi ya yi ƙasa,
in ya cika shiru, ɗaure kwalekwale, iska na tafe.
Yau tafkin ya yi ƙaura, ya tare a cikina,
lita biyu, sau huɗu a rana,
ta siririn tiyo da ke leƙe a gefen cibiyata.

Ƙodata ta ajiye aiki babu sallama.
Nas Griselda, gajera, tabarau a goshi, ta ce:
"Don Nabor, tiyon nan ƙofa ce marar ƙyaure.
Kai ne ƙyauren."
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

To, ga ni.
Kafin ƙararrawar coci ta buga shida
na rufe taga, na kashe fanka,
na kori Canela, magen da ke kwana a ƙafata,
tana kuka a bayan ƙofa kamar na ci amanarta.
Na ɗaura takunkumi,
ni da ƙarnin kifi bai taɓa sa na toshe hanci ba!
Sai hannuwan nan da ƙugiya ta tsattsage:
sabulu a tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, har wuyan hannu,
ina addu'ar Ubanmu sau biyu don kada in yi sauri.
Sannan in tsane su ƙaf,
don jiƙaƙƙen hannu jirgin fito ne na cuta.

Bakin ramin, wannan gonar Eustolia ce.
Kullum sai ta duƙa ta zaga ta da ido:
ya yi ja? ya kumbura? yana tsatsa?
In ɓawo ya fito, na kai farce, ta buge min hannu.
Ɗigon man da aka ba mu, kamar ƙwayar masara,
auduga, filasta,
ta ɗaure tiyon kada ya yi lilo ya yagi fata.

Fidencio ya ce ruwan da ya raine ka ba ya cin ka.
Ya faɗa tafki ranar Asabar, ana zafi.
Talata aka ɗauke shi, ciki kamar an cusa garwashi.
An zare tiyonsa.
Yanzu sau uku a mako yana bin mota zuwa inji,
kwalekwalensa kuwa yana hannun wani.

Ni ma ranata ta zo.
Ranar baftismar jikata, farar riga, ana jirana a waje,
bakin tiyo ya goga a hannun rigata.
Ɗan gogawa. Ko ƙuda bai gani ba.
Zuciya ta ce: riga ce sabuwa, haɗa mu tafi.
Na daɗe a tsaye ina jin ƙarar motar surukina.
Sai na danne tiyon da maƙalli, na kira Griselda.
Aka zuba wa yarinya ruwa a ka ina kan bencin asibiti,
ana canza min mahaɗi, ana ba ni magani.
'Yata ta yi mako ba ta gaishe ni ba.

Da yamma nakan shimfiɗa jarida a ƙasa,
in ɗora ledar ruwan da ya fito a kanta.
In na karanta ƙananan haruffa ta cikinsa, lafiya lau.
In ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa,
ba jiran gobe,
ruwa ba ya tsami banza.

Yau garau yake, ruwan zinariya.
Ta cikinsa na karanta farashin kifi,
ya sake tashi.
Na buɗe taga. Can tafkin yana ƙyalli ba tare da ni ba.
Canela ta shigo a guje,
ta hau gado, ta juya min baya.