Fasinjar Ƙarfe Huɗu

Shekara ashirin da shida ina tuƙa tasi a Busan.
Ba lungun da bai san ƙarar tayata ba,
daga kasuwar kifi ta Jagalchi
har unguwannin da suka maƙale jikin tudu
kamar kaska a kunnen sa.
Baƙo ya faɗi suna, in kai shi ƙofa.
Ni ne dai ban san inda za a sauke ni ba.

Tun da muka raka Gye-sun makwancinta
na koma aikin dare,
don gidan ya yi mini yawa.
Silifas ɗinta na nan bakin ƙofa, suna fuskantar waje.
Kabejin da ta jiƙa da yaji kafin ta kwanta ciwo
ya ƙare a wata na uku.
Na wanke tulun, na kife.

Na'urar gaban mota ba ta gajiya:
bi dama, bi hagu, ka iso.
Ka iso! Ina?
Gicciye ja na ci da wuta a kan benaye,
nan ɗaya, can biyu, har bakin teku.
Ni alamar hanya na ɗauke su:
in ka wuce na uku, sai ka karya kwana.

Ƙarfe huɗu da kwata, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
wata tsohuwa ta ɗaga lema.
Ƙarnin kifi ya riga ta shiga.
Ta ce sunanta Ok Mal-sun, ban tambaya ba.
"Addu'ar asuba za ni, can sama."
Muka hau har inda kwalta ta ƙare,
sauran matakala ce, ɗari da wani abu.
Ta dubi gwiwarta, ta dube ni.
Na riƙe lemar.

Ɗaki ne a saman shagon wanki,
kujerun roba, tukunyar shayin sha'ir a kusurwa.
Mutum goma sha biyar, ko ƙasa da haka,
kowa na addu'a da ƙarfi, lokaci guda,
kamar ruwa a kan kwano.
Na ce a raina, wa zai tsinci magana a wannan hayaniya?
Na juya zan sauka.

Ta kama hannun rigata.
"Direba, in mutum ya kira ka cikin dare,
me kake fara tambayarsa?"
Na ce, inda yake tsaye.
"To, faɗa wa Yesu inda kake tsaye.
Hanya ba aikinka ba ne yau."

Ban iya durƙuso ba, ban san baitin kowa ba.
Na ce: Ga ni bakin ƙofa.
Safata ta jiƙe.
Wata bakwai ke nan ban ci abinci a zaune ba.
Ina jin haushinka, in kana ji.
Ban san sunan unguwar da zuciyata ta shiga ba,
babu fitila, babu lamba.
In gaskiya ne kai ma ka san kabari ta ciki,
to ka san wurin.
Zo.

Rufi bai tsage ba.
Wani ya miƙo mini shayi, ya yi zafi da yawa,
na riƙe da hannu biyu, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.
Da na sauko, mita na ta lissafi ita kaɗai,
teku ya fara fari.

Yanzu kullum ƙarfe huɗu ina ƙofarta.
Mita a kashe, ita kuma ta biya da kifi.
Wata rana in shiga, wata rana in tsaya a matakala ta arba'in
ina gardama da Shi, Yana haƙuri da ni.
Ban ga ƙarshen hanyar ba,
iyakar hasken fitilar mota ake nuna mini,
na kuma gane da shi nake tuƙi tun asali.

Jiya na ɗauki silifas ɗin Gye-sun,
na goge, na sa a kanta.
Na tambayi Mal-sun gishiri nawa ake zuba wa kabeji.